Me ya sa lambobin waya duka suka koma 2147483647?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Na haɗa wa shagon yayana da ke Sabon Gari manhajar ajiye sunayen abokan ciniki, amma duk lambar wayar da na shigar sai ta koma 2147483647. Ƙwayar cuta ce ta kama kwamfutar?

Amsa: Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Gurbin da ka ware wa lambar waya ne ya yi kaɗan. Na tabbata ka zaɓi nau'in INT, wanda ke ajiye adadi a cikin ƙananan gurabe 32, kowanne ɗauke da 0 ko 1. Gurbi ɗaya aikinsa nuna ko adadin yana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31 ke nan. Idan ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, sannan ka cire 1, za ka sami 2,147,483,647, iyakar abin da nau'in INT zai ɗauka. Lambobinmu masu farawa da 070, 080 ko 090 kuwa, da zarar an mayar da su adadi sai sifilin farko ya faɗi, su zama biliyan bakwai zuwa tara, shi ya sa rumbun bayananka ya tsaya inda mudunsa ya cika.

Wannan lamba tsohuwa ce a wurin masana lissafi. Mara ce, kuma babu abin da ke raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobi da ake samu ta jera 2 a ninka su da juna a cire 1 ana kiransu da sunan Marin Mersenne, malamin coci Bafaranshe, kuma ita ce ta takwas a jerinsu, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, da alƙalami da takarda, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Iyakar nan kuma tana jiran tsofaffin na'urori da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, domin ƙirgarsu za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya.

Wasu za su ce ka koma BIGINT mai gurabe 64, amma ban ba ka wannan shawara ba, domin sifilin farko zai ci gaba da ɓacewa, kuma babu wanda ke tara lambobin waya ko raba su. Ka mayar da gurbin zuwa nau'in VARCHAR, a ajiye lambar a matsayin rubutu. Waɗanda suka riga suka lalace kam ba za su dawo ba, sai ka ɗauko littafin shagon yayanka ka sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya.