Tambaya da Amsa: Ya ƙi kunu, kwanon babansa yake kaiwa hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Yarona watansa takwas, tun yana wata shida na fara bashi kunun gero amma kwana biyun nan ya ƙi sam, da ya ga cokali sai ya kauda kai, amma da an ajiye kwanon babansa sai ya rarrafo ya cusa hannu. Surukata tace in barshi yaci abinda muke ci, har tana so ta lasa masa zuma wai zata buɗe masa ciki, ni kuma tsoron shaƙewa nake, kuma gaskiya bani da kuɗin abincin gwangwani na kanti. Me zan dafa da zai ɗauka da hannunsa mu ma muci?
Wata mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, yaronki lafiyarsa ƙalau, girma ne yazo, yanaso ya ɗauka da kansa ya kai baki kamar yadda yaga kowa nayi. Kuma Hajiya surukarki tana da gaskiya rabi, abincin gida zai ci, sai dai ba kamar yadda ya sauka daga wuta ba.

Dabarar guda ɗaya ce: tukunya ɗaya zaki ɗora, amma ki ɗebi nasa kafin ki zuba gishiri da magi da attaruhu. Ƙodar jariri bata yi ƙwarin da zata tace gishiri ba, ƙasa da giram 1 a rana ake so yaci kafin ya shekara, kuma nono ma yana da nasa, shi kuwa dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Albasa da ɗan man ja da garin busasshen kifi sun isa su bashi ɗanɗano, ke ce zaki ji salam, shi bai san wani abu ya ɓace ba.

Ni abinda nafi so a fara dashi alale ne, don ba haƙori yake buƙata ba kuma wake na da sinadarin ayon mai ƙara jini, wanda ajiyar da aka haifi yaro da ita take fara ƙarewa wajen wata shida. Ki surfa wakenki ki wanke tas, ki markaɗa da albasa da tattasai kawai, sai ki ɗebi ludayi biyu a wani kwano ki sa man ja kaɗan da dafaffen kifi wanda kika bi da yatsa kika tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, a nan kada kiyi sauri, sannan ki zuba a ƙaramin gwangwani. Sauran ƙullin ki sa masa attaruhu da komai yadda maigida yake so, duk su turaru tare, ki dai yi wa nasa alama kar ayi musanya a sha kuka. In ya huce ki yanka shi a tsaye, tsawo da kaurin yatsarki, yadda zai damƙe a tafin hannu kan ya leƙo ta sama ya dinga gatsa.

Dankalin Hausa ma haka, musamman mai jan cikin nan kalar karas, yana da bitamin A sosai. Ki turara ki yanka dogo-dogo, ko ki dame dafaffen da ƙwai ɗaya da ɗan garin zogale ki soya a tanda kamar waina da mai kaɗan, ƙwan ya nuna sosai, manya suci tasu da yajin ƙuli, wlh yayyensa sai sun cinye kafin ki juya. Kabewa, ayaba, gwanda, awara mai laushi wadda ba a soya ta bushe ba, duk suna yi. Ƙa'idar itace ki matsa abun tsakanin babbar yatsa da manuniya, in ya narke ba wahala toh dasashinsa zai iya, in bai narke ba ki maida wuta. Ƙwai da kifi da gyaɗa ki shigo dasu ɗaya-ɗaya da ɗan tazara, don in ƙuraje ko kumburin fuska ko amai suka biyo baya ki san mai laifin ki kaishi asibiti.

Maganar shaƙewa kuma tsoronki a kan hanya yake. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, gugguru, ƙuli-ƙuli, alawa, ɗanyen karas, dabino da ƙwallonsa, waɗannan a ɗauke su daga inda hannunsa zai kai, ita gyaɗa ma har ya shekara 5 sai dai niƙaƙƙiya a cikin kunu. Ɗanwake kuwa ga santsi gashi kewayayye daidai maƙogwaro, in zai ci sai kin farfasa. Ya zauna a miƙe kina gabansa, ba a kwance ba, ba yana rarrafe da abu a baki ba, kuma ba a bar wa yayarsa 'yar shekara shida ta kula dashi ke kina kicin ba. Zaki ga yana kakari yana tari fuska tayi ja ya turo abun da harshe, wannan koyo ne, ki daure kar ki zura masa yatsa ki ƙara tura abun ciki. Wanda yake da haɗari shine shiru, ba kuka ba tari, leɓe ya fara canza kala, nan take ki kifa shi a kan hannunki kansa ƙasa-ƙasa ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafinki, in bai fito ba ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, kina yi ana neman abin hawa zuwa asibiti.

Nono ki cigaba da bashi har shekara 2 in Allah ya nufa, abinci sau biyu zuwa uku a rana yanzu, daga wata tara ki ƙara zuwa uku ko huɗu. Rabi zai ƙare a ƙasa da gashin kansa, ki shimfiɗa leda kawai.

Zuma kam a'a sai ya cika wata 12, ko lasa ce, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim (cuta mai shanye jiki) da hanjin jariri baya iya kashewa, kuma dafawa bata kawar da ita. Hajiya kuma kada ki tsaya musu da ita, ki bari ranar awo ko rigakafi ku tafi tare, ki tambayi nas a gabanta.