Jini ya yi ƙasa ko jini ya yi ƙaranci?

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo, nan Jos, ta aiko da tambaya. Ta ce ta kai mahaifiyarta asibiti saboda jiri, aka ɗaura mata abin awo a damtse, ma'aikaciyar jinya ta ce jininta ya yi ƙasa, 85 bisa 55. Suna komawa gida 'yan dubiya suka ce ai ƙarancin jini ne, a nemo maganin ƙarin jini da ganyen ugu. Tana so ta sani, shin maganar ɗaya ce?

'Yar'uwa, ba ɗaya ba ce, kuma harshenmu ne ya jawo ruɗanin. Da Bahaushe ya raɗa wa cutar nan suna hawan jini, sai kunne ya ɗauka jinin ne ya yi yawa, kamar yadda kogi ke hawa da damina. Alhali abin da ya hau shi ne ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiya in zuciya ta harbo shi. Tunda an fahimci hawa da ma'anar yawa, dole a fahimci kishiyarsa da ma'anar ƙaranci. To ƙarancin jini cuta ce daban: jajayen ƙwayoyin jini ne suka gaza, kuma ba a gane ta da abin ɗaurawa a hannu, sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji. Za ki ga tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat. Abin da aka auna wa Mama kuwa ƙarfin tunkuɗar ne. Lafiyayyen babba yakan kasance wajen 120 bisa 80, in ya gaza 90 bisa 60 sai a ce ya yi ƙasa. Mutum na iya cike da jini amma awonsa ya faɗi, don kawai gudawa ko amai ko zufa sun tsotse ruwan jikinsa. Inda sukan haɗu shi ne zubar jini mai yawa, kamar bayan haihuwa ko haɗarin mota.

Wane suna ya dace ke nan? Wasu na cewa saukar jini. Ni ban cika son sa ba, domin in mai hawan jini ya sha magani ya samu sauƙi, cewa muke "jinin ya sauka, alhamdu lillahi", ka ga sauka ta zama albishir. Ga shi kuma a bakin mata kalmar na iya karkata ga jinin al'ada. Na fi gamsuwa da faɗuwar jini, ko a bar shi yadda mutane ke faɗa: jini ya yi ƙasa.

Abin yi kafin a koma wurin likita: Mama ta yawaita shan ruwa. Mu mutanen Jos sanyi na yaudararmu, sai mutum ya wuni da hunturu bai ji ƙishi ba, daga shayi sai shayi. In jiri ya kwashe ta, ta kwanta a ɗora ƙafafunta kan matashi. In tana shan maganin hawan jini, a tafi da kwalinsa a nuna wa likita, don shi kansa yakan zarce da jinin ƙasa. Kada a ɗura mata gishiri sai da izininsa. A kuma sassauta zoɓo, tunda an san yana rage hawan jini. In kuwa ta suma, ko jikinta ya yi sanyi ƙalau tana gumi, ko maganarta ta rikice, wannan ba na jira ba ne.

Wani tela a kasuwar Terminus ta Jos ya tambayi bambancin jiri da hajijiya. Hajijiya asalinta juyawa ce, irin wadda yara ke yi su buɗe hannuwa su yi ta zagaye har su zube, don haka mai hajijiya ɗaki yake gani yana juya masa. Jiri ya fi faɗi, ya haɗa da ganin duhu-duhu da jin kamar ƙafa ba za ta ɗauke ka ba. Malam tela, in ka daɗe kan keke ka miƙe zumbur idonka ya rufe, jiri ne, jini ne ya taru a ƙafafu bai kai ga ƙwaƙwalwa da wuri ba. Faɗa wa likita kalmar da ta dace, don hajijiya sau da yawa daga cikin kunne take.

Telan ne kuma ya ce ya taɓa karanta karin maganar "sauri ya haifi nawa", bai gane 'ya'ya nawa ake nufi ba. Na yi dariya, amma laifin rubutu ne, da ba ya nuna karin sauti. Ba nawa ta tambayar adadi ba ce, nawa ce mai jan wasali a ƙarshe, ta jinkiri, wadda ake cewa yaro yana da nawar tafiya. Wato gaggawa kan jawo ɓata lokaci. Mai faɗuwar jini da ya zabura daga shimfiɗa don ya riski sallar asuba na iya ƙarewa a ƙasa da goshi a fashe. Gara ya fara zama a bakin gado minti ɗaya ko biyu, ya motsa ƙafafunsa, sannan ya dafa bango ya tashi.