Furen da ƙawarki ta ce ki fitar daga ɗaki

Ɗiyata, saƙonki ya shigo tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin tsinto fararen furannin nan masu ruwan ɗorawa a tsakiya kin zuba a kofi, ƙawarki 'yar Malesiya ta ɗaure fuska ta ce ki fitar, kina tambaya wai addini ne ko camfi. To ba addini bane, sabo ne. Su kemboja suke ce masa, a maƙabarta suka saba shuka shi, haka ma a Indunisiya, kinga kuwa wanda ya tashi yana jin ƙanshin nan a wajen binne mamaci ai ba zai so ya kwana da shi a gefen katifa ba, balle da dare ƙanshin yafi tashi. Wannan ɗin ma da dalili, ƙwarin dare yake kira, su zo su yi ta lalube babu zuma ko ɗigo, su kwashi garin furen su kai wa wata bishiya a banza.

Amma a tsibirin Bali na Indunisiya wajen bautarsu suke kai shi, a Hawai kuma mace ke maƙala shi a kunne, in a kunnen dama ne ba ta da kowa, in a na hagu ne an riga ka.

Kuma fa duk cikinsu ba mai shi, asalinsa Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. Masana suna ce masa Plumeria saboda Charles Plumier, malamin coci ɗan Faransa da ya yi ta yawo a tsibiran nan yana zana tsirrai, ya rasu 1704. Ɗaya sunan ne ke ban dariya, frangipani. Sunan wani gidan masu sarauta ne a Roma, ma'anarsa gutsura burodi, ana cewa wani ɗan gidan ne ya haɗa turaren da ake sa wa safar hannu, da Turawa suka shinshina furen sai suka ce ai ƙanshin turaren nan ne. Wato turaren ya riga furen samun sunan!

Ki fitar mata kawai, ɗakin naku ne ku biyu. In kin sake tsinka ki wanke hannu, farin ruwan da yake zubarwa yana ƙona ido. Ya karatu? Gwaggonki ta ce kin daina kiranta.