Kunne Ya Girmi Kaka: Amsoshin Wasiƙunku Kan Sababbin Waƙoƙi

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato sababbin waƙoƙi da abin da nake gani game da su. Na zaɓi huɗu. Wasu amsoshin sun yi tsawo, ku yi haƙuri, maganar ce ta taɓa ni.

Tambaya: Malam, ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya. Da Ɗanƙwairo da Shata na tashi. Jikokina suna kunna mini waƙoƙin yanzu a waya, ni kuwa duk kiɗa ɗaya nake ji, murya ɗaya kamar daga cikin gwangwani. Kunnena ne ya tsufa, ko waƙar ce ta mutu? In akwai sabon abin da irina zai iya saurara, ka nuna mini.
*Wani dattijo daga Gusau*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kunnenka lafiyarsa ƙalau. Abin da kake nema ka rasa shi ne hannun mutum a cikin kiɗa. In Ɗanƙwairo ya ja baiti, masu kotso shi suke jira. Ya tsawaita su tsawaita, ya yanke su yanke, 'yan amshi su karɓe a daidai inda numfashinsa ya ƙare. Yanzu kuwa a yawancin sutudiyo kiɗan ake fara haɗawa a fiyano da kwamfuta, a kulle shi a gudu ɗaya, sannan a ce mawaƙi ya shiga ya bi. Shi ya sa kake jin waƙa goma kamar ɗaya. Na yi shekara goma sha ɗaya ina zaune a shagon kaset na kawuna a Kano, kuma a gabana wannan sauyi ya faru, tun lokacin da waƙoƙin fim suka fara ture kaset ɗin makaɗan gargajiya daga gaban kanta zuwa can ƙasan kwali.

Amma akwai abin da zan ba ka, daga maƙwabtanmu na Nijar. Ka sa jikanka ya nemo maka kundin Mdou Moctar mai suna Tears of Injustice, wanda ya fito a 2025. Mdou Ba'abzine ne daga yankin Tawa, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. A 2024 ya fitar da Funeral for Justice da jitar lantarki mai ƙarar gaske, wannan ba zan ba ka shi ba, zai sa ka cire abin kunne tun waƙar farko. Shi na 2025 ɗin waƙoƙin nan ne dai aka sake rerawa da jitar katako da kiɗan hannu. Dalilin yin sa ma abin tausayi ne. Shi da abokan kiɗansa suna cikin zagayen wasa a Amurka aka yi juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida. A cikin wannan zaman zullumi suka shiga sutudiyo a New York suka ɗauke shi.

Na fara jin sa ne da dare a teburin mai shayin unguwarmu, na ajiye waya a kan benci. Akwai wani Ba'abzine mai gadin layinmu da ke zuwa shan shayi bayan isha'i, mutum ne marar yawan magana. Jitar na fara tashi ya ajiye kofinsa a ƙasa, ya ɗan sassauta rawaninsa daga baki, ya matso. Ana jin yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, ana jin mawaƙin yana jan numfashi kafin ya shiga. Da aka kai wata waƙa sai ya ce mana a hankali, nan faɗa yake yi wa 'yan uwansa kada su bar harshensu ya ɓace a bakin 'ya'yansu. Bai ƙara cewa komai ba har ta ƙare, sannan ya ce in sake sa ta. Shayinsa ya huce bai sha ba.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba: da Tamashek, harshen Abzinawa, ake waƙar, kuma wanda ba ya jin harshen zai ga wasu waƙoƙin sun yi jan rai. Kai da ka saba bin ma'anar kowane ɗango, wannan zai rage maka daɗi. Duk da haka a wurina shi ne kundin da ya fi kowanne a cikin abin da na saurara a 'yan shekarun nan, na fifita shi nesa a kan ɗan uwansa mai ƙara. In ya yi maka, ka ƙara da Les Filles de Illighadad, wasu mata daga wani ƙauye kusa da Abalak. Suna kaɗa tende, wato turmi da aka ɗaure wa fata, da ƙwarya a kife cikin ruwa. Ka kira Inna ta zo ta ji, za ta tuna kiɗan ƙwarya na cikin gida irin na zamanin Barmani Coge.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ma muna da irin waɗannan hannaye. Masu kalangu suna nan a gidajen dambe, masu gurmi da garaya da kukuma suna nan a kasuwannin ƙauye daga Zamfara har Haɗeja. Ba wanda ke ɗaukar su da kyau. Sai dai bidiyon waya, iska na bugun makirfo, babur na wucewa.

Tambaya: Malam, a Spotify ina ganin an kasa waƙoƙi gida-gida, ana cewa “indi”, “fok”, “pop”. Mene ne bambancinsu? Mu Hausawa muna da “indi” kuwa?
*Wata ɗaliba daga Zariya*

Amsa: 'Yata, “pop” ita ce waƙar yayi, wadda aka yi don ta shiga kunnen kowa da wuri. “Fok” waƙar jama'a ce da aka gada, ko sabuwar da aka yi a kan wannan salo da kayan kiɗa na hannu. “Indi” kuwa asalinta ba salon kiɗa ba ce, maganar kasuwa ce. Manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan cinikin waƙa a duniya, Universal da Sony da Warner. Wanda ya fitar da waƙarsa da kansa, ko ta hannun ƙaramin kamfani mai zaman kansa, shi ake kira haka. Matador da ke fitar da Mdou irin wannan kamfani ne. Haka ma Sahel Sounds, wanda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya kafa. Shi ne a 2011 ya fitar da tarin waƙoƙin da ya kwaso daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, kuma a 2013 ya buga faifan waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So.

In da wannan ma'auni za a bi, kusan duk mawaƙanmu “indi” ne. Yaro shi zai tara kuɗin sutudiyo, shi zai ɗora a Audiomack da YouTube, shi zai bi masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yana roƙon su sa tasa a cikin waɗanda suke tura wa mutane. Ba kamfanin da ke bisa kansa. Sai dai ni ban yarda ya samu 'yanci ba. Tunda sauraro a intanet ba ya kawo masa abin kirki, cinsa yana hannun mai biki da ɗan siyasa da attajirin da zai ambata, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa za ki ji waƙar soyayya mai daɗi, can wajen ƙarshe ta rikiɗe ta koma jerin sunayen alhazai.

In kina son ki ga “fok” da “indi” a jikin mutum ɗaya, ki koma ga marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi kaɗai, ba 'yan amshi, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya da gwangwanin kifi da aka rufe da fata. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa lebura, mutanen da ba su da abin ba shi. Har yau ina jiran yaron da zai ɗauki wannan hanya ya yi wa ɗan adaidaita sahu ko mai cajin waya irin wannan waƙa.

Tambaya: Yaya, na turo maka sabuwar waƙata, ita ce ta uku da na yi. Abokaina sun ce in ban sa ototun (manhajar gyara murya) sosai ba ba wanda zai saurara. Don Allah ka gaya mini gaskiya.
*Wani matashin mawaƙi daga Damagaram*

Amsa: Ƙanena, na saurare ta sau uku, sau ɗaya da abin kunne, sau biyu a sifika. Kana da murya, kuma kana da abin faɗa, wannan na biyun shi ne mai wuyar samu.

Ɗango na biyu shi ne waƙar. Inda ka ce mahaifiyarka tana tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta ta soya ƙosai, hayaƙi ya cinye mata ido, don ta biya maka kuɗin lakwal. A daidai kalmar “ido” muryarka ta ɗan rawa, na ji alamarta a ƙarƙashi, amma mai sutudiyo ya bi ta da na'ura ya goge ta sumul. Wurin da ya kamata tsigar jikin mai sauraro ta tashi, nan aka mayar da kai kamar kowa. Na ji zafin wannan ƙwarai.

Ban ce ototun laifi ba ne. Tun 1997 aka ƙirƙiro shi, kuma mawaƙan Hausa sun mayar da shi wani salo nasu na kansu. Shi kansa Mdou Moctar da na yaba a sama, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, cike da ototun da kiɗan kwamfuta irin na waƙoƙinmu, kuma da wannan murya ce ya fara yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara. To amma kamar gishiri ne a miya, ka san iyakarsa. Ka koma wurin mai sutudiyon ka roƙe shi ya ba ka muryar yadda ka rera ta, ka saurara kai kaɗai. Inda ka kauce ƙwarai a gyara, inda muryar ta rawa don abin ya taɓa ka a bar ta.

Sauran gyara biyu. Amshinka ya dawo sau tara, na ƙirga, biyar sun isa. Sannan ɗango na farko da na uku ka cika su da zuma da tauraruwa da bugun zuciya, alhali waƙar uwa kake yi. Waɗannan kalmomi sun sha hannu har sun koɗe. Ka cire su ka sa abin da idonka ya gani: kaskon suya, tsohon zanen da take ɗaurawa, canjin da take ƙullewa a bakin mayafi. In kana da dama, ka samo mai kalangu ɗaya a nan Damagaram, ba su da wuyar samu, ku shiga ɗaki tare, a jingina katifa a bango don ta shanye amsa-kuwwa, ku ɗauka a tare yana kallon bakinka. Ka sake turo mini, ina jira.

Tambaya: Malam, kullum 'yan jitar Nijar kake yabo. Mu da muke jin waƙoƙin soyayya na Hausa muna aiki fa? Ba ka son su ne?
*Wata mai ɗinki daga Zangon Kumasi*

Amsa: Hajiya, ina son su, kuma ina jin su. Ma'aunina ɗaya ne: a kashe kiɗan, a ga ko mace za ta iya rera waƙar tana tankaɗe ko tana taka keken ɗinki. Jaruma ta Hamisu Breaker ta ci wannan jarrabawa, shi ya sa a 2020, lokacin kullen korona, ta shiga kowane gida ba tare da wani kamfani ya tura ta ba. Karin muryarta shi ya ɗauke ta. Ina kuma jin daɗin yadda yara irin su Namenj ke ɗora Hausa tsantsa a kan kiɗan Afrobeats ba tare da sun karya harshen don ya yi kama da na Legas ba.

Damuwata da yawancin waɗanda suka fito kwanan nan ita ce don TikTok ake gina su. Ana zuba duk ƙoƙari a rabin minti ɗaya da za a yi rawa da shi, sauran minti uku ciko ne kawai. Sati biyu ana yayinta, a na uku ko mai ita ya wuce wurin.

Tunda kin ce aiki kike yi da waƙa, ga ɗaya daga Nijar ɗin dai, amma ta biki ce zalla: Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya daga Agadas da suka shafe shekaru suna kiɗan aure a unguwannin garin. Kundinsu na 2024, 100% Sahara Guitar, ba hutu a cikinsa, jita na bin jita, ganga na kora su. Ki sa shi ranar da ɗinkin Sallah ya taru miki, ki ɗan rage sauti in za ki yanka yadi mai tsada.