Motar da ta karkata, ba da shoka ake fara mata ba

Ka ce me ya hana mu sauya wa Land Cruiser ɗin Alhaji shoka mu sallame shi, tunda ta kwanta hagu kuma shi ma abin da ya nema ke nan. To saurara, ɗana. Shoka ba ya ɗaukar nauyin mota. Aikinsa ya hana ta yin ta tsalle bayan ta faɗa rami. Sifirin ne ke riƙe da tsayinta. Sau da yawa za ka ga an zuba wa kat-kat sababbin shoka huɗu, an karɓi kuɗin bawan Allah, ta fita a karkace yadda ta shigo. Sai dai in shokan ya lanƙwashe ko ya cije ya ƙi motsi, nan kam yana iya danne gefe guda, amma ba shi ne abin zargi na farko ba.

Kafin ka ɗauki sifana, ɗauki abin awo. Filin garejin nan rairayi ne da tudu da kwari, kowace mota ka ajiye sai ta yi kamar ta karkata, don haka nemi daɓen siminti mai kyau. Sauke duk abin da ke ciki, jarkoki da buhuna da akwatin kayan aiki. Ka kula da tanki ma, don lita 90 na gazuwal ya haura kilo 70. Sannan ka daidaita iskar tayoyi, ka karanta lambar da ke jikin kowace. Mutanenmu na sayen taya ɗaya ɗaya gwargwadon aljihu, sai ka tarar da 265/70 a gefe guda, 275/70 a ɗayan. Wannan kaɗai ya sa bambancin kusan milimita 7.

Awon kuwa daga tsakiyar ƙafa ake yi zuwa bakin bodi da ke saman taya, ba daga ƙasa ba, don kada taya ta ruɗe ka. Rubuta lambobin huɗu. Bambancin santimita ɗaya a tsohuwar mota ba ciwo ba ne. In ya kai biyu ko uku, akwai magana.

Nan ne yara suka fi ɓata. Suna ganin gaba ta hagu ta sauka sai su afka mata, alhali ciwon na baya. Mota kamar teburi take, in ƙafa ɗaya ta gajarta duk sauran sai sun nuna. Sifirin baya na hagu in ya mutu, yana janyo gefen hagu duka ƙasa, ya ɗaga gaba ta dama. Yadda za ka kama mai laifi: sa jak daidai tsakiyar gaba, ka ɗaga har tayoyin gaba su bar ƙasa, sai ka sake auna baya. In bayan ya miƙe, ciwon na gaba. In yana nan a karkace, to a baya yake. Kuma ban yarda ka shiga ƙarƙashi da jak kaɗai ba, a sa abin tokare tukuna. Daga nan kwance sandar nan da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, wadda ke hana mota kwanciya a kwana, daga gefe ɗaya. In mota ta miƙe, sandar ce ta lanƙwashe, aikinka ya yi sauƙi.

Sauran ya danganta da irin motar. Ta Alhaji samfurin 80 ce, irin da aka yi tsakanin 1990 da 1997, sifirinta mai naɗi ne gaba da baya. Dubi zoben ƙarshe na ƙasa, nan yake karyewa ya ɓuya cikin mazauninsa da laka, sai ka sa hannu ka lalubo. Dubi robar da yake zaune a kai. Kuma ka sani, na hagu da na dama ba lallai tsawonsu ya zo ɗaya ba, da gangan ake ƙera wasu haka saboda nauyin direba da tanki. Wani ya kwance ya musanya su, mota ta kwanta, ba abin da ya lalace. Samfurin 60 da bayan Hilux kuwa lam ne, wato sifirin na ganyayen ƙarfe da aka jera kan juna: ƙirga ganyen kowane gefe, nemi wanda ya tsage, duba ƙusar tsakiya. Masu lodin kasuwannin Dakoro da Mayahi su ne ke kashe lam, ga kaya a ciki, ga mutane a sama, kullum gefe guda ya fi shan wuya. Tsohuwar Pajero da Land Cruiser samfurin 100, gabansu sandar ƙarfe ce mai murɗewa, tana da noti na ƙara tsayi. Wannan ana ɗaure shi kaɗan kaɗan, a zagaya da mota, a sake awo, a kai ta a daidaita ƙafafu, in ba haka ba ta cinye taya.

In sifirin ne ya gaji, biyu ake sauyawa, hagu da dama tare. Alhaji zai ce a sa ɗaya, ka ba shi haƙuri: sabo da tsoho ba sa tsayi ɗaya, sai ta koma ta karkata ɗayan gefen. Na tsohuwar mota da ake kawowa daga Kwatano ko Katsina, jera su a ƙasa ka gwada tsawonsu kafin ka biya. Masu gasa sifirin da wuta su miƙe shi, ko su cusa guntun taya tsakanin zobba, wannan ha'inci ne kawai. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, kafin a kai Tasawa a dawo ya sake zama.

Idan duk wannan lafiya, auna shasi daga ƙasa. Shasi daidai amma bodi a karkace, robobin da ke tsakaninsu ne suka murƙushe ko tsatsa ta ci mazauninsu. Shasin da kansa ya murɗe kuwa, motar ta taɓa haɗari, sai a gaya wa mai ita gaskiya, don ba aikin sifirin ba ne.

In ka gama haɗawa, kada ka ƙarasa ɗaure notocin bush, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, mota na sama. Sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi tukuna, sannan ka ɗaure, don roba da aka ɗaure a rataye tana murɗewa ta yage da wuri. Tashi ka kawo abin awon da alli, ka fara da ƙafar baya ta hagu.