Tambaya da Amsa: Ana haska fim makaɗa na kaɗawa, anya zai yiwu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaliba ce a Zariya, ni da 'yan ajinmu mun yi karo-karo mun haɗa wani gajeren fim na minti 12 a kan wata yarinya mai tallar fura da kuɗin ciniki suka ɓace mata tana tsoron komawa gida, maganganun cikinsa ma ba su da yawa. Matsalarmu sauti, duk kiɗan da muka ɗauko a intanet in muka ɗora sai fim ɗin ya koma kamar na Indiya ko na Koriya, kuma an ce mana YouTube na iya toshe shi saboda haƙƙin mallaka. To shi ne wani a cikinmu ya kawo shawarar mu nemo makaɗa su ƙirƙiro mana namu kiɗan, ranar haskawa su zauna gaban jama'a fim na tafiya suna kaɗawa. Don Allah ana yin haka kuwa? Ba za a yi mana dariya ba? Ƙanwarka daga Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ana yi mana, kuma ba yau aka fara ba, asali ma da haka sinima ta taso. Finafinan farko ba su da sauti ko kaɗan, a gidajen kallo na Turai da Amurka mai fiyano ne ke zama ƙasan allo yana kallo yana bugawa, manyan gidaje kuma tawagar makaɗa guda suke ajiyewa, sai daga 1927 da fim mai magana ya fara shigowa kasuwa sana'ar ta rushe, dubban makaɗa suka rasa abin yi. Amma ba ta mutu murus ba, a garin Pordenone na Italiya tun 1982 ake bikin tsofaffin finafinai marasa sauti, makaɗa na kaɗawa a gaban 'yan kallo. Ko a situdiyo ma akwai waɗanda haka suka yi aiki, a Disambar 1957 mai busar nan na Amurka Miles Davis ya shiga situdiyo a Faris da mutanensa huɗu, ana haska musu sassan wani fim na darakta Louis Malle suna kallo suna busawa, dare ɗaya suka gama. Ravi Shankar na Indiya shi ma kiɗan fim ɗin Pather Panchali na 1955 kusan duk a zama ɗaya ya yi shi, wajen awa 11. Don haka batun dariya ki ajiye shi gefe.

Abin da nake so ki yi hattara da shi daban ne. Kayan kiɗanmu ba kurame ba ne, kowanne yana da gidansu kuma mai kallo ya san gidan. Kina sa algaita ko kakaki zuciyar Bahaushe ta tafi ƙofar fada ko da kuwa a allo yarinya ce zaune bakin kwata tana kuka. Goge da garaya wasu na jin su bori zai faɗo musu a rai, sarewa kuma daji da shanu da makiyayi. Shi kuwa kalangu ya fi su duka rigima don magana yake yi, mai kalangu in ya matse tsarkiya a hammata take yake bugawa, taken mahauta ko na 'yan dambe ko kirarin wani, kuma dattijon da ke zaune a layin gaba yana jin abin da gangar ke cewa sarai. To in jarumarki na magana kalangu na magana, mutum biyu kenan ke magana lokaci guda, kuma wallahi kalangun ne zai yi nasara. Ni da ni ce ke, a fim irin naku gurmi ɗaya da sarewa sun isa, kalangu sai a wurin kasuwa ko inda take gudu tana neman kuɗin, shi ma a hankali, ba take ba kirari.

Sai babban aikin, wato koya wa makaɗin yin shiru. Makaɗan biki sun saba su ne taurarin wuri, ana liƙi suna ƙara wuta, kuma ba laifinsu ba ne haka sana'ar take. A fim kuwa su ne a baya. Kiɗa kamar gishiri yake a miya, in har mai ci ya lura da shi to ya yi yawa. A minti 12 ɗin nan in kiɗa ya ci minti 5 ko 6 ya wadatar, wurin da yarinyar ta zazzage ƙwarya ta ga wayam ba ko sisi, ki bar shi tsit, numfashinta da hayaniyar kasuwa kawai, sai ta ɗago kai tukuna sarewa ta shigo. Ki zauna da su ku kalli fim ɗin tare tun daga farko ba kowa riƙe da kayan kiɗa, ki ba su labarin da bakinki, sannan ki rubuta a takarda cewa minti kaza daƙiƙa kaza gurmi ya shiga, minti kaza ya fita. Yawancinsu ba da agogo za su bi ba, da ido za su bi, saboda haka ki ba su alama daga cikin hoton, misali in ta sauke ƙwarya daga kai a fara, in uwar ta buɗe ƙofa a tsaya. Gwaji kuma kar ya gaza uku, na ƙarshe a ainihin ɗakin da za a haska.

Ranar kuma mai tace hoto ya fitar muku da kwafin da babu kiɗa a ciki, maganganu da sautin wuri kawai. A ajiye wa makaɗa ƙaramar talabijin a gabansu kar su yi ta murɗa wuya suna leƙen allo, sifikar maganganu ta fi tasu ƙarfi, janareta a kai shi can nesa. In da fiyano a ciki shi zai bi sarewa, don shi da maɓalli ɗaya ake ɗaga muryarsa ko a sauke ta, ita kuwa sarewa yadda aka huda ta haka take. In damina ce fatar ganga na saki, za ki ga makaɗi ya nemi wuta ya ɗan gasa ta kafin a fara, ki ba shi lokacinsa kar ki ce ɓata lokaci yake. Kuma ki gaya wa mai gabatarwa ya roƙi jama'a a bar liƙi sai an gama, in ba haka ba wani Alhaji zai miƙe tsakiyar fim ya tare allo da babbar riga.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai fiyano ne a wani situdiyo a Zoo Road nan Kano, wasu yara sun zo in yi musu kiɗan gajeren fim, har suna so in je in buga a wurin haskawa. Kuɗin dai ba wani na kirki ba ne. Tambayata, in fim ɗin ya yi suna gobe kiɗan na wa ne, nawa ko nasu? Naka, mai fiyano daga Kano.

AMSA: Yawwa maigida, gara da ka tambaya tun ba a yi ba, don yawancin rigimar masana'antar nan daga "ai mu 'yan uwa ne ba sai an rubuta ba" take farawa. Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta san abin da kuka faɗa wa juna a bakin situdiyo ba, takarda ta sani. Ko shafi ɗaya ne ku rubuta, ku sa hannu da shaidu biyu: sayar musu da kiɗan ka yi ɗungurungum ko izinin sa shi a wannan fim kaɗai ka ba su, kana da damar sakin sa a naka shafin ko babu, sunanka zai fito a ƙarshen fim, sannan kuɗin ƙirƙira daban kuɗin zuwa bugawa daban, kowace haskawa da nata. Tunda kuɗin kaɗan ne ni shawarata ka ba da izini kawai ka riƙe mallakarka. Sai abu ɗaya, kiɗan da aka naɗa a wurin taro kar ku dogara da shi a matsayin kwafin da za a ɗora a intanet, tari da tafi da kukan yara duk za su shiga, ku koma situdiyo ku sake ɗaukar sa tsaf kuna kallon hoton. In kuma ka gayyato mai gurmi ko mai sarewa ya sa hannu a aikin, shi ma a sa sunansa da kasonsa a takardar nan, kar a sallame shi da kuɗin mota kawai.