Kafin ka kori ƙaninka daga shagon

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: ka buɗe shago na biyu, ka ɗora ƙaninka a kai, wata takwas ke nan kaya na raguwa amma kuɗi ba sa dawowa, har kana tunanin cire shi ka kawo bare. Na daɗe ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma irin wannan ta taɓa samu na, shi ya sa na kasa wucewa ban tofa albarkacin bakina ba.

Da farko, nawa kake biyan yaron nan? In amsarka ita ce "ai ƙanina ne, abin da yake buƙata yana ɗauka", to a nan bango ya tsage. Mutum yana tsaye tun safe har magariba, maƙudan kuɗi na ratsa hannunsa, bai san rabonsa ba, bai san ranar da za a sallame shi ba. Iyayenmu na kasuwa ba haka suka riƙe yaransu ba. Yaro zai yi shekarunsa, sannan ubangida ya ba shi jari ko ya tsaya masa wajen masu ba da sari, ya ci gashin kansa. Wanda ke hango wannan ranar yana tsaron dukiyarka kamar tasa.

Ni ban gane nawa laifin ba sai da ambaliya ta shiga Kwari a 2022. Muna fitar da jiƙaƙƙun diloli, wani maƙwabcina ya tambaye ni turmi nawa na yi asara, wallahi na rasa amsa. Ban san abin da ke cikin shagona ba. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ni ne na fi kowa zura hannu a aljihun shago: cefane, gudunmawar biki, kuɗin makaranta, duk ba a rubuce ba, kuma a gaban yarana nake yi. Da wane baki zan hana su?

Daga nan na yanka wa kaina albashi, na yanka wa kowane yaro nasa, babban cikinsu kuma na sa masa kaso a riba. Na sayi littafi biyu, ɗaya na ciniki, ɗaya na bashi. Duk ƙarshen wata mukan rufe da wuri mu ƙirga kaya turmi-turmi, ni da su tare. Wannan ƙirgar ta ƙara min amfani a 2023 da dala ta yi tashin gwauron zabi: a naira sai ka ga kamar riba kake ci, amma in ka koma sari sai ka tarar kuɗin turmi goma ba sa sayen goma. Lissafin zakka ma ya zo min da sauƙi.

Ka kula da tiransifa sosai. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba turawa ta waya, kuma yara da yawa lambar asusunsu suke bayarwa. Ko yaron na kirki ne, kuɗinsa da naka za su cakuɗe. Buɗe asusu da sunan shagon, alat ya riƙa shigowa wayarka.

Sannan in ka ɗora shi, ka bar shi ya yi aikin. Faɗa masa iyakar ragin da zai iya yi, da wanda ba za a ba bashi ba sai da saninka, ka daina kiransa sau goma a wuni. Kada ka taɓa yi masa faɗa a gaban mai saye. Ranar da ka yi haka, kowa zai riƙa cewa "bari Alhaji ya zo".

Shawarata, ku zauna da wani babba a gidanku, ku ƙirga kayan da suka rage, a rubuta albashinsa da kasonsa da shekarar sallamarsa, kowa ya sa hannu. Ba shi wata uku a kan haka. In lissafi ya ci gaba da ƙin fita, mahaifanku za ka fara samu da littafin a hannunka kafin ka karɓi mukulli.